Kofin da Na Ci Mana a Wurin Ajiye Motoci

Ko tsufa zai share mini komai daga kai, akwai yammaci guda da na san ba zai iya taɓawa ba: ranar da ƙungiyar ƙwallon garinmu ta ɗauki kofi a nan Abuja, ni kuma ina tsaye a wurin ajiye motoci da guntun tikiti a aljihu.

Sai kun san matsayin ƙungiyar nan a gidanmu za ku gane girman wautata. Leburorin kamfanin gurzar auduga ne suka kafa ta a wani fili bayan ma'aikata, ba takalmi balle koci. A hankali ta shiga gasar ƙwararru, har ta ɗauki kofin ƙasa ina cikin zanen goyo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana filin ranar, kuma bai taɓa barin kunnuwanmu sun huta da labarin ba. Daga baya kamfani ya rushe, ƙungiya ta faɗa rukuni na biyu, gwamnatin jiha ta karɓe ta, ta farfaɗo, ta sake faɗuwa, ta sake tashi. A jinyarsa ta ƙarshe ya ce da ni yana murmushi, "In sun sake ɗauka ba na nan, ka kalla mini." Na ce masa insha Allahu, kuma har zuciyata na faɗa.

Da aikin gwamnati ya kawo ni Abuja na samu gida a Masaka, sai na shiga ƙungiyar magoya bayan 'yan ƙwallon garinmu da ke nan. A falon ciyaman ɗinmu muke kallo, wani darakta mai digiri biyu, ɗaya ma daga Turai. Ni ne malamin tarihinsu. Ka tambaye ni wa ya tsare raga zamanin da ba a haife ni ba, in gaya maka har da unguwarsu.

Wanda ya fara jawo mini tsiyar kuwa makanikenmu ne, wani mutumin Filato mai gareji a Durumi. Rannan na dawo daga sallar La'asar na tarar ana murnar ƙwallo, kafin in gama zama aka rama mana. Sai ya dube ni ya ce da irin Hausarsa, "Oga, ni ban ce komai ba fa, amma kullum kai ya tashi salla muna ci, kai ya dawo su rama."

Aka yi dariya, har da ni. Mako na gaba aka aike ni sayo ruwan sanyi ana tsakiyar wasa, ban ma san gwaji ake yi da ni ba. Ina bakin shago na jiyo ihu. Ranar wasan kusa da na ƙarshe kuma cunkoson Mararraba ya riƙe ni, muka lallasa abokan karawa. Shi ke nan, magana ta tabbata: ina da farar ƙafa.

Da aka ce a babban filin Abuja za a buga wasan ƙarshe, ni na fara sayen tikiti, na kuma ɗinka ankonmu mai launin ƙungiya. Ranar wasa, muna fitowa daga mota, ciyaman ya ja ni gefe ya dafa kafaɗata.

"Malam, ka san ni ban yarda da camfi ba, haramun ne ma," in ji shi. "Amma dai don hankalin jama'a ya kwanta, ka ɗan jira a nan. Ana gab da tashi zan kira ka."

Na so in yi masifa. Amma da na ga idanun manyan mutane masu iyali duk suna roƙona, sai na ji kamar kofin nan a wuyana yake rataye. Na ce su shiga.

Na samu wata mata mai gasa masara na zauna a bencinta. Ta dubi ankona ta ce, "Oga, tikiti ya ƙare ne?" Ni da neman mai tausaya mini, sai na kwashe labari na ba ta, ina jiran ta ce ai wannan zancen banza ne. Ta dubi masararta da ba wanda ya taya tunda na zauna, ta ce, "Abeg oga, don Allah matsa can, kar ka kashe mini kasuwa." Wallahi ina matsawa wasu samari suka zo suka saya.

Can sai filin ya ɗauki ihu da ganguna irin namu, na san mun ci ƙwallo. Na daure har aka dawo hutun rabin lokaci, sai maganar mahaifina ta dawo mini. Na ce wa kaina, kai fa mai ilimi ne, ƙafarka ce ke buga ƙwallon? Na miƙa tikiti aka yaga, mai tsaron ƙofa ya ce in na fita babu dawowa. Na hau matakala, ina leƙa kai na hango koren fili, kuma abin da idona ya fara gani shi ne golanmu a kwance, ƙwallo a raga.

Ban ƙifta ido ba waya ta yi ƙara. Ciyaman ne. "Malam, tsakaninka da Allah, kana ina?"

A nan ne abin ya fi ba ni kunya in na tuna. Ba wanda ya kore ni, ba ma wanda ya gan ni a cikin dubban mutanen nan. Ni da kaina na yarda. Na ce masa, "Ina waje," na kuma juya da gudu don in mayar da ƙaryata gaskiya. Mai tsaron ƙofa ya sake tuna mini babu dawowa, na ce na ji.

Ana gab da tashi ƙasa ta girgiza da ihun mutanenmu, mun sake jefa ƙwallo. Na yi ta tsalle ni kaɗai a tsakanin motoci, ina rungumar madubin motar da ban san mai ita ba, hawaye na zuba. Na ruga ƙofa na yi magiya, na ba da tarihin ƙungiya tun daga leburorin auduga, aka ce in ja baya. Da kunne na ji an ɗaga kofin.

Da suka fito, a kafaɗa suka ɗauke ni. Makanike yana ihu, "Oga ne ya ci mana kofi!" Ina sama ina dariya, cikina kuwa wani irin baƙin ciki ne da ban taɓa ji ba, don na san alƙawarin tsohona ya tafi.

Shekarar da ta biyo baya na ƙaurace wa kallo gaba ɗaya don in taimaki ƙungiya. A shekarar muka sake faɗawa rukuni na biyu. Ba wanda ya zo ya ba ni haƙuri, sai ma suka fara zargin sabuwar motar ciyaman. Har yau ba mu sake jin ƙanshin kofi ba.

Abin da na koya shi ne, camfi ba ya ba ka komai, abin da ke hannunka yake ƙwacewa. Cin wasa bai taɓa zama a ƙafata ba, kallon ne kawai nawa, shi kuma na bayar da hannuna. Yanzu a kujerar gaba nake zama, a ci mu ko mu ci. Ina da kallon da zan yi wa mahaifina, kuma ko wa zai kira ni ranar, wayata a kashe take.