Matan Dutse a Falon Uncle Das

Ranar wata Asabar ce a hutun tsakiyar zango na watan Oktoba, ina da shekara goma, Mama ta miƙa mini kwanon ƙosai ta ce in kai wa tsohon da ke zaune a ƙasanmu. A lokacin muna hawa na biyu a wani gidan bene a Croydon ta Ingila, inda jirgin tram ke wucewa ta bayan katanga yana girgiza kofunan kicin. Tsohon nan Ba'indiye ne, shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa, kuma mu yaran gidan Uncle Das muke ce masa. Ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba. Ran nan da ya buɗe, sai ya ce in cire takalmi in shigo, amma in lura da inda nake takawa. Ina shiga falon na tsaya cak. An ture kujeru da tebur duk sun koma jikin bango, a tsakiyar kafet kuma an jera hotuna masu baƙi da fari a da'ira, an bar 'yar ƙofa guda ta wajen taga. Ta nan ya shigar da ni. Da na juya, sai ga mata arba'in da biyu na dutse sun kewaye ni. Wata kan giwa gare ta, wata kan akuya, wata tana rawa a bayan kada, wata kuma ta washe baki kamar wadda aka yi wa cakulkuli. Har ƙosan ya huce ban tuna na miƙa shi ba.

Shi ya ɗauki hotunan da hannunsa, yana saurayi, lokacin da yake aikin awon hanya a gabashin Indiya. Ya ce wani makiyayin awaki ne ya kai shi wurin: tsohon haikali a kan tudu cikin daji, zagayayye, ba shi da rufi, faɗinsa bai kai filin wasan makarantarmu ba. A jikin bangon ta ciki an sassaƙa gurabe kamar alkuki, kowane gurbi da mace ɗaya a tsaye. Allolin mutanen wurin ne, kuma irinsu ba su da yawa a duniya. Masu yawon buɗe ido ba su san da wurin ba, amma ɓarayi sun sani, domin bayan tahowarsa Ingila aka riƙa ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Yana yi mini bayani yana tafiya a hankali, yatsun ƙafarsa suna bin gefen hotunan, saboda idonsa ya riga ya yi rauni sosai. Ni kuwa ban ji rabin abin da ya faɗa ba. Hankalina yana kan 'yan kunnen mai kan giwa, da yadda aka yi dutse ya lanƙwashe kamar zane a ƙugunta.

Na hau sama da gudu na zazzage labarin tun daga bakin ƙofa. Mama tana yi wa wata mata kitso a falo, wanda shi ne aikinta na ƙarshen mako, sai ta tsaya da tsinke a hannu ta ce, "Ummi, gumaka ne fa. Aikenki na yi ko visit?" Abba ne ya raba gardamar da ya dawo daga aiki. Ya ce tsohon nan maƙwabci ne, ga ciwon ido, ga kaɗaici, idan zuwana yana ɗebe masa kewa to in je. Ya ƙara da cewa, "Kallo za ki yi, addininki kuma kin san shi." Mama ta yarda, amma ta kafa mini sharaɗi: sai na gama wanke-wanke, na ninke kayan ƙanena Sadiq, na kawo haddata ta Islamiyya ba gargada. Ban taɓa wanke tukwane da sauri irin na wannan zangon ba.

Sunayensu na gaskiya sun fi ƙarfin harshena, don haka na raɗa musu nawa. Akwai Mai Ganga, Mai Kan Barewa, Mai Kada, Mai Tulu, Mai Fushi, Mai Doka da Mai Shuku saboda gyaran gashinsu, da wata siririya da na kira Anti Talatu don ta yi kama da ƙawar Mama. Da yake hanya ɗaya na sani ta riƙe abu a ka, wato yadda malamarmu ta koya mana hadda, sai na sa musu rauji. Nakan fara daga bakin 'yar ƙofar, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina rerawa ina rangaji, in na kakare in koma farko. A layin cin abinci na makaranta ina rera su, a tram ina rera su, har tsallen igiya da su nake ƙirgawa. Uncle Das ya yi dariya har da hawaye da na fassara masa Mai Fushi. Ya ce shekara da shekaru masana suna gardama a kan sunanta, ga shi yarinya daga hawa na biyu ta gama magana.

Sai daga baya na gane dalilin da ya sa suke shimfiɗe a ƙasa. An ga ɗaya daga cikin matan nan, Mai Kan Barewa, a lambun wani gida a ƙauyen Ingila, gansakuka ya rufe mata kafaɗa. Masu gidan sun ce irin wannan dutse ai ko'ina yana iya fitowa. Wata masaniyar kayan tarihi da ke neman a mayar da ita gida ta je haikalin ta ɗauko hotunan abin da ya rage, da guraben da suka zama wayam. Abin da take bukata shi ne tsohon jerin yadda yake, wace ce kusa da wace, don a nuna gurbin da aka cire ta. Uncle Das bai taɓa rubuta lamba a bayan hotunansa ba. Duk bazarar nan ya yi ta yana durƙushe da gilashin ƙara girma, yana jera su da abin da ya tuna, kafin idon ya ƙarasa rufewa. Matar za ta zo ranar Litinin ɗin farko ta Disamba. Ranar Juma'a kafin nan asibiti suka kira shi aikin ido, ya bar wa Mama mabuɗi don ta shayar masa da shukokinsa.

To, Mama Bakanuwa ce, kuma a wurinta abin kunya ne marar lafiya ya dawo daga asibiti ya tarar da ɗaki a hargitse alhali yana da maƙwabta. Ranar Asabar ina Islamiyya ta sauka da tsintsiya da tsumma da injin shara. Wannan ne shigarta falon na farko. Ta ga takardu zube a ƙasa, kujeru a jikin bango, ta ce a ranta tsoho ba ya gani, ba shi da mai gyara masa. Ta tattara hotunan tsaf, ta goge kowanne, ta jera su manya a ƙasa ƙanana a sama, ta sa a gwangwanin biskit. Ta mayar da kujeru mazauninsu, ta wanke banɗaki, ta sa turaren wuta, ta dafa masa wake da alayyafo tunda ba ya cin nama. Da na dawo ta ce mini cikin jin daɗi, "Na yi hoover ɗin flat ɗin Baba na ƙasa, yanzu ya zama ɗakin mutane." Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka gefe-gefe ta share.

Ranar Lahadi da hantsi Abba ya ɗauko shi, ido ɗaya a ɗaure da bandeji, ɗayan kuma dama sai haske da duhu yake gani. Muka raka shi har falo. Ya cire takalmi, ya miƙa ƙafa yana laluben gefen hoton farko. Ya matsa gaba ya sake lalubawa. Gwiwarsa ta bugi tebur. Ni na riga kowa ganewa. Da Mama ta kawo gwangwanin ta yi masa bayani, bai yi faɗa ba. Ya zauna a kujera ya rungume shi, ya yi mata godiya a kan gyaran, sannan ya ce a hankali, "Ba zan iya sake jera su ba." Mama ta durƙusa a gabansa tana cewa, "Baba, ka yafe mini, wallahi alheri na yi nufi," hawaye na zuba a kan mayafinta.

Ban san lokacin da bakina ya fara ba. Na ji kaina ina rerawa, Mai Tulu, Mai Kan Giwa, Mai Baka, Mai Fushi. Uncle Das ya ɗago kai. Abba ya dube ni, ya dubi tebur, ya naɗe hannun riga ya fara ture kujeru. Murna da tsoro suka haɗu suka hana ni tsayawa wuri ɗaya. Na shiga tsakiyar kafet ina kiran suna, Mama kuma, wadda a da ba ta son ko jin zancensu, ta zauna dirshan da gwangwani a cinya tana zaƙulo su. "Wace ce kuma Anti Talatu?" in ji ta, da ta gan ta sai dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka. Muka yi ashirin, muka yi talatin, da'ira tana rufewa. A ta talatin da huɗu na kakare. Na koma farko na taho da gudu, na sake tsayawa a wuri ɗaya. Sunayen na riƙe, Mai Doka ce sannan Mai Shuku, amma hotuna biyun da suka dace duk sun dushe, a idona babu bambanci. Mama ta karɓa ta kai su bakin taga. Ba ta yi minti ɗaya ba ta ce, "Wannan ce mai doka, dubi yadda aka tayar da shi a tsakiya. Waccan an tattara shi ne ta ƙeya. Wanda ya sassaƙa wannan ya zauna kusa da mai kitso." Kafin la'asar mata arba'in da biyu sun koma mazauninsu. Uncle Das ya sa na zagaya da shi ina faɗa masa abin da kowacce ke riƙe da shi, yana gyaɗa kai, har muka fito ta 'yar ƙofar. Abba ya ɗauki fensir ya bi bayan hotunan yana sa lamba.

Ranar Litinin da na dawo daga makaranta na tarar da masaniyar a durƙushe a cikin da'irar, ta ajiye sababbin hotunanta a gaban tsofaffin. Mai Ganga tana nan a haikalin, Mai Kada ma tana nan, tsakaninsu kuma gurbi ne wayam da guntun ƙafa biyu a ƙasansa. A jerinmu, Mai Kan Barewa ce a tsakanin. Matar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi yadda aka yi jerin ya tsira ba lamba. Uncle Das ya ce mata, "Maƙwabtana sun adana mini shi da Hausa." Ya sa na rera mata tun daga farko har ƙarshe. Na rera da ƙarfi kamar ranar musabaƙa, Mama tana bakin ƙofa da farantin cincin tana gyara mini tsayuwa da ido.

Maganar mayar da dutsen ta ci shekaru, takarda bayan takarda. Ina jami'a aka sa Mai Kan Barewa a jirgi, Uncle Das kuwa ya rasu shekara biyu kafin nan. Mama ce ta kira ni ta faɗa mini an mayar da ita, tana ta murna kamar 'yar uwarta ce ta koma gida.

Yanzu ina zaune a Dagenham da 'ya'yana biyu, waɗanda nake yi wa Hausa suna amsa mini da Turanci. Duk haikalin da suke son gani suna iya shigarsa a waya, su juya shi da ɗan yatsa, su fita cikin minti ɗaya. Mun yi shekara shida a layinmu, ban san cikin falon maƙwabcina ba, shi ma bai san nawa ba, kuma babu wanda zai bar wa wani mabuɗi balle a yi masa ɓarna da kyakkyawar niyya. Ban taɓa zuwa tudun nan ba, ban kuma sani ba ko zan je. Amma wani lokaci ina wanke-wanke sai in ji raujin ya taso da kansa, in bi su har arba'in da biyu ban kakare ba. Sai dai yau babu mai gyaɗa mini kai.