Alidu Mai Wanki da Littafin da Yake Buɗewa Ta Dama

Juma'ar nan da ta wuce Alidu mai wanki ya cika shekara biyar a ƙasa. Sai da na ƙirga sau biyu don ban yarda ba. Rabin mutanen Nima na yanzu, a nan Ankara, ba su san shi ba, unguwar ta cika da baƙi tun bayan yaƙi, filin da yake shanya kaki ma wani ya gina ɗakunan haya a kai. Waɗanda suka san shi kuwa, in ka ambaci sunansa sai su yi murmushi su ce Allah ya jiƙan mai littafin zane. Ni murmushin ba ya zuwa mini. Akwai abin da ya shiga tsakanina da shi wanda ban taɓa faɗa a fili ba, yau kuma na gaji da riƙonsa.

Tare muka tashi a Sabon Zongo, gaban malami ɗaya muka yi karatun allo. Ubana ɗan sanda ne, ya cire ni ya kai ni boko. Alidu ya zauna har ya sauke, hannunsa ya faɗa da ajami, mutane na zuwa ya rubuta musu wasiƙa zuwa gida. Ni na zama akawu a wani kanti a Tudu, shi ya sa har ya koma ga Mahaliccinsa bai kira ni da sunana ba sai Kiraci, yadda mutanen Ankara ke kiran akawu. In zai faɗa sai ya ɗan ja ƙarshenta, don in san tsokana ce.

Da yaƙi ya yi zafi aka zubo sojojin Amerika a filin jirgin sama, Nima ta zama masaukin masu yi musu aiki, kuku da lebura da mai gadi. Alidu ya samu wanki, ya dawo nan, ni ma na biyo shi muka kama ɗakuna a gida ɗaya. Sojojin suna da wasu ƙananan littattafai na zane zalla, gida-gida, magana na fita daga bakin mutane cikin wani abu kamar kumfa. Komik suke ce musu. Duk mako jirgi na kawo sababbi, su karanta su yar. Alidu kuwa ba ya ganin takarda a ƙasa ya wuce, haka malaminmu ya hore mu. Sai ya riƙa tsinto su, ya bi su da dutsen guga har su miƙe sumul, ya naɗo su cikin ƙunshin wanki. Ban taɓa ganin wanda ya yi wa littafi guga ba sai shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar yake fito da na makon. Benci biyu ne ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu, amma kafin ya gama gyara zama wuri ya cika, wasu a tsaye, wasu a kan tabarma. Ba ya fara labari sai ya yanke wa kowane littafi hukunci. Ya ɗaga ɗaya ya ce mai zanen nan rago ne, dawakinsa duka fuskarsu ɗaya, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Ya ɗaga na biyu ya ce wannan ya taɓa zama bakin teku, ku dubi yadda igiyar ruwa ke karyewa. Abin da ba ya yafewa shi ne tufafi. Akwai makon da aka kawo labarin wani jarumi da ya yi kokawa cikin laka shafi uku, ya tashi rigarsa fara fat. Alidu ya ajiye shi gefe ya ƙi karantawa, ya ce wanda ya yi ƙarya a kan wanki zai yi ta a kan komai. Aka yi ta ba shi baki, ya kafe. Shekara biyu ana haka, kuma abin da ya ce ba shi da kyau, to a Nima ba shi da kyau.

Yanzu ba sai an tsinto su ba. Wani ɗan kasuwa Basiriya a cikin gari yana sayar da su, jirgin ruwa ke kawo masa. Na makon nan uku ne, na kuma saye su kamar yadda nake yi kullum. Na farko na masu dawaki da bindiga ne, launinsa ya fi na da haske, amma harbi ya yi yawa har ba ka san wanda ya fara ba. Na biyu na wani mai binciken ɓarayi ne, magana ta cinye zanen, kumfa a kan kumfa. Da Alidu na nan da ya ce in surutu yake so ai ga kasuwar Tudu. Na uku ne kawai na yi wa kallo na biyu, labarin masunta, don mai zanen ya bar gumi a hammatar rigunansu. Na san da wannan zai fara. Na juya gefena in faɗa, kamar yadda nake mantawa in yi har yau, ba kowa a bencin sai ni. Samarin yanzu sun iya Turanci, kowa ya sayi nasa ya shige ɗaki ya karanta shi kaɗai, ba mai gardama da wani.

To ga abin da ban faɗa ba. Alidu bai iya Turanci ba, ko harafi. Da ya ɗauki littafi, hannunsa na buɗe shi yadda ya saba buɗe kowane littafi tun muna yara, ta dama. Wato daga shafin ƙarshe yake farawa ya gangaro zuwa na farko. Inda labari ya ƙi haɗuwa sai ya ɗinke shi da bakinsa, kuma ɗinkin ba ya nuna zare. A hannunsa gidan da ya ƙone yakan tashi daga toka ya koma gida, abokan da suka yi faɗa su ƙare suna cin abinci a kwano ɗaya. Masu sauraronsa duk 'yan allo ne, ba wanda ya ga abin mamaki. Ni kaɗai na sani tun ranar farko. Na yi shiru, da fari don abin yana ba ni dariya, daga baya don ni ma labarinsa ya fi mini daɗi. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na kuma riƙe shekara biyu.

Cikin masu zuwa akwai Baba Saje Mumuni, tsohon soja, mutumin arewa, ba ya magana sai ta kama. Ɗansa ɗaya ne a duniya, Fuseini, an kwashe shi da sojojin da aka kai yaƙi ƙasar Bama, wata da watanni ba wasiƙa. Baba Saje ba ya dariya a wurin, zuwa yake ya zauna a bakin benci ya dogara da sandarsa. Ina jin gidan ne ya yi masa faɗi.

Wata Juma'a Alidu ya zo da littafi guda tak, ya ce na makon nan ba ya buƙatar abokin tafiya. Ya buɗe ta dama. Shafin farko a wurinsa tsohuwa ce tsaye gaban kabari. Ya ce an zo an gaya mata ɗanta ya mutu, har an nuna mata wuri. Ya juya, ga saurayi kwance cikin daji, jini a ƙirji. Ya sake juyawa, ga shi a tsaye da bindiga. Ya ce ashe suma ya yi, Allah bai karɓi ransa ba. Daga nan sai jirgin ruwa, sai tashar jirgin ƙasa, sai ƙofar wani ɗan gida da kaji a tsakar gida, tsohuwar nan ta rungume shi tana kuka. Na ga Baba Saje ya miƙa hannu ya shafa shafin, ya ce a sake masa daga wurin jirgin ruwan. Aka sake. Sai wani lebura ya waiwayo yana dariya ya ce da ni, kai Kiraci da duk Turancinka ba ka taɓa ba mu ko rabin wannan ba.

Ba zan yi wa kaina ado ba, hassada ce. Shekara takwas na yi a boko, ga mai wanki ya fi ni daraja a kan littafin Turawa. Na tashi na karɓi littafin daga hannunsa, na juya shi, na ce ai ta nan ake farawa. Na bi shi ta hagu shafi-shafi, ina karanta Turancin da ƙarfi ina fassarawa. Rungumar nan ta ban kwana ce. Jirgin tafiya yake yi, ba dawowa ba. Na kai kabarin na rufe, ina jiran a ce na iya. Baba Saje ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce, "Allah ya ba mu alheri," ya tafi. Sai a lokacin na tuna da Fuseini, wallahi sai a lokacin.

Washegari na same shi yana guga. Na tsaya a ƙofa ina neman ta inda zan fara. Bai ɗago ba, ya hura gawayin dutsen, ya ce, "Kiraci, ka ɗauka ban sani ba? Tun watan farko wani soja ya gan ni ya juya mini shi. Na bi ta hagu na gani. Nasu duk da lafiya yake farawa ya ƙare da jini. Mutanen nan sun wuni suna ɗaukar kaya, me zan kai musu jini su yi da shi?" Bai ja sunan ba a ranar. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, girman kai ya toshe shi, na ce ai gaskiya gaskiya ce. Ya ce haka ne, ya ci gaba da gugarsa.

Magana zarar bunu ce. Juma'ar da ta biyo mutane sun zo, amma da ya buɗe sai wani ya ce ta ina ne na gaskiyar, wani ya ce a ba Kiraci ya duba. Alidu ya rufe ya ce yau maƙogwaronsa ba daɗi. Bai sake fitowa da su ba. Muna gida ɗaya, muna gaisawa safe da yamma, ina cewa gobe zan shiga in zauna in faɗi abin da ya kamata. Damina ta sauka, tari ya kama shi, mutumin da ya wuni hannunsa cikin ruwa. Kwana goma sha ya yi a kwance. Ranar da ya cika ina Tudu ina rubuta rasit. Bayan sadakar bakwai ƙanwarsa ta miƙo mini akwatin ƙarfe cike da littattafan, ta ce Yaya ya ce a ba Kiraci, shi ya iya karanta su. Har yau ban san da wace zuciya ya faɗa ba.

Baba Saje ya daina bi ta ƙofar gidanmu, in ya hango ni a masallaci ya canza sahu. Kusan shekara muna haka. Ran nan da hantsi sai ga shi da wata ambulan mai tambarin soja, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, don duk layinmu ni kaɗai ke karanta Turanci. Na buɗe. Layi huɗu ne, kuma wannan ba ta da wata hanyar karantawa sai ɗaya. Na gaya masa Fuseini ya rasu. Ya yi salati, ya zauna a bakin bencin nan inda ya saba. Can ya ce, "Ɗana, littafin nan yana nan?" Na ce yana nan, Baba. Ya ce, "Ɗauko. Karanta mini yadda Alidu ke yi."

Na ɗauko, na buɗe ta dama. Bakina bai kai na Alidu ba, ɗinkina duk zare a waje. Na tada saurayin daga dajin, na sa shi a jirgi, na kawo shi ƙofar gida mai kaji. Baba Saje ya san ba haka aka zana ba, ni na nuna masa da hannuna. Duk da haka ya shafa shafin ya ce a sake daga wurin jirgin ruwan. Daga ranar duk Juma'a bayan la'asar yana zuwa, mu biyu, littafi ɗaya, har shekara uku. Bara shi ma ya bi ɗansa.

Ina yawan tambayar kaina abin da Alidu zai ce da Ankarar yau. Sojojin da suka dawo suna yawo ba aiki, kaya sun yi tsada, kowa bakinsa siyasa. Ina jin ba zai yi dogon sharhi ba, zai duba rigunan masu jawabi ne ya gaya mana wanda ya taɓa yin gumi. Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, dutsen gugarsa ma an sayar. Abin da ya bari akwati ne na takardun da wasu suka yar, kowace a goge, da mutum guda da ya koyi karatu a makare. Na yi shekaru ina taƙama na san inda labari ke farawa. Shi ya san wanda ke zaune a gabansa.

Allah ya jiƙan Alidu, ya jiƙan Baba Saje da Fuseini, ya sa sun huta. Wanda ya karanta wannan ya sa su a addu'a. Haƙurin da ban bayar ba yana nan a wuyana, ba kuma wanda zan miƙa wa. Shekaranjiya bayan la'asar na fito da na masuntan nan, na sa masa dutsen guga ko da yake sabo ne, na zauna a bencin. Na buɗe ta dama, na karanta da ƙarfi, ba kowa. A shafin da na ƙare, jirgin bai bar gaɓa ba tukuna, kuma duk suna da rai.