Jan Faifan Khala Dela

Bari in ba ku labarin khalata Dela, ƙanwar mamata, don jiya ma an sake tada maganar a gidanmu kowa na faɗin nasa, na ce wallahi sai na rubuta kafin su ɓata shi. Lokacin da abin ya faru ba a ma haife ni ba, amma na ji shi ya fi sau hamsin, daga bakinta da bakin waɗanda ba sa sonta.

Khala Dela mai ɗaukar bidiyon biki ce a unguwar Hindawiyya, ɓangaren mata. Iyayenta daga Sudan suka zo, ita nan Jidda ta tashi. Gajera ce, kafaɗarta ta dama ta ɗan karkace saboda kyamara, ba ta dariya a wajen aiki, ko abincin biki ba ta ci. Kuma kun san zauren mata, kowa ta cire abaya, gashi a waje, ana rawa, matar da maƙwabcinta na shekara ashirin bai san fuskarta ba tana tsakiyar fili tana juyi. A ƙofa ma karɓe wayoyi ake yi. In minti ɗaya na wannan ya faɗa idon namiji, halas, mai kyamara ta gama, ba gidan da zai sake buɗe mata ƙofa.

Shi ya sa take da tsarinta. Faifai ɗaya tak take bugawa. Ta ɗauki kwamfutarta ta je gidan uwar amarya, ta nuna mata, ta miƙa faifan, sannan a gaban idon uwar ta goge komai, na kwamfuta da na kyamara. Shekara tara tana haka ba wanda ya taɓa jin ko ƙus.

Sai dubu biyu da takwas ta zo, mutane sun fara sayen manyan talabijin, amare suka fara ƙorafi wai fuskarsu na fitowa dishi-dishi, suna son sabon hoton nan mai fitar da har zanen lalle. Faifan sabon hoton kuwa iri biyu ne suna ta rigima a duniya, Blu-ray mai shuɗin gida, wato robar da ake saka faifan a ciki, da HD DVD mai jan gida, mutanenmu dai shuɗi da ja suke cewa. Na'urar ja ba ta cin shuɗi, ta shuɗi ba ta cin ja. Khala ba ta san komai a kai ba, ta tafi kasuwar Sharafiyya shagon wani Abdulghani, inda take sayen faifai tun da.

Ta ce tun daga ƙofa jikinta ya ba ta. Mutumin da bai taɓa ce mata zauna ba ya jawo kujera, ya aika a kawo shayi.

“Ya ukhti, 'yar'uwa, ja za ki ɗauka. Ja shi ne na manya.”

“To me ya sa duk na gabana shuɗi suka saya?”

“Yara ne, wasa suke da shi. Ke ai sana'a kike.”

“Me kake wa murmushi, Abdulghani?”

“Subhanallah, mutum ba zai yi fara'a ba kuma?”

Ya rage mata farashi ba ta ma roƙa ba, na'urar kallo da abin buga faifai da kwalin jajayen faifai, da kansa ya kai mata har taksi. Abin da ba ta sani ba, kamfanin da ke yin jan ya riga ya sanar wa duniya ya daina, ya bar wa shuɗi fili. Har yau Abdulghani rantsuwa yake bai ji ba. Mamata ta ce ya ji sarai, mutumin da jarida ba ta barin hannunsa.

Bikin farko da ta yi da ja na Mansura ne, 'yar Hajiya Sadiyya. Hajiya Sadiyya kuwa mace ce da in ta ce a unguwa kar a kira wance, to ba mai kira. Khala ta kai faifai, ta nuna a kwamfutarta, hoto tar kamar ka taɓa, ta goge komai a gabanta yadda ta saba, ta tafi. Ba ta ce a gwada a na'urar gidan ba, don shekara tara duk faifan da ta bayar kowane gida yana ci, bai ma zo mata a rai ba.

Kwana uku, bayan azahar, aka aiko wai Hajiya na kira dahin dahin, yanzu yanzun nan. Ta shiga ta tarar da ita a zaune ba ko amsa sallama mai kyau, Mansura a gefe ido ya kumbura.

“Dela, ina bikin 'yata?”

“Hajiya, ai na ba ki a hannu.”

“Kin ba ni faifai. Mun saka a na'urarmu, shiru. Mun saka a ta maƙwabta, shiru. Mijinta ya saka a tasa sabuwa mai cin shuɗi, ta tofo shi. Ba komai a ciki. Na gasken yana ina? Wa kika ba?”

“Wallahil azim a gabanki na goge!”

“A gabana kika danna wani abu. Ni na san me kika danna? Ni karatun kwamfuta na yi?”

Khala ta ce a nan ta gane ba ta da abin nunawa, ta goge shaidarta da hannunta. Ta ce a kawo faifan ta je gida ta ɗauko na'urarta ta ja su gani da idonsu. Sai Mansura ta ce da ƙaramar murya, ai Sa'ud ya tafi da shi. Sa'ud shi ne angon.

“Ya tafi da shi ina?” in ji Khala.

“Sharafiyya. Wai a duba masa ko da abu a ciki.”

Khala ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Ita ta san da abu a ciki, awa uku cur, Hajiya Sadiyya kanta tana ciki tana rawa ba ɗankwali. Kuma duk Sharafiyya wa ya rage da na'urar ja? Abdulghani. Tasa ta gwaji kuma a haɗe take da ƙaton talabijin ɗin da ke kallon titi, wanda direbobi da masu shara ke tsayawa kallo.

Ta faɗa wa Hajiya haka. Hajiya ta dube ta ta dube ta, ta ce, “Ko dai ke da shi kuka shirya?” Amma tana faɗa tana jawo abaya. Ta ce ƙafarta ƙafar Dela, ba za ta bar ta ta riga ta zuwa ta gyara zance ba. Mansura na ta kiran wayar Sa'ud ba ya ɗauka.

A taksi suna ta ce wa direba yalla yalla, ya yi sauri, shi kuma yana cewa hanyar ce a cushe ya tashi sama ne? Suna shiga Sharafiyya ana tada sallar la'asar. Lokacin in an kira salla kowane shago sai ya rufe, suka tarar da ƙofar ƙarfen Abdulghani a sauke, talabijin ba a gani, ba kowa. Suka tsaya a rana. Khala ta ce minti ashirin ɗin nan ba ta taɓa ganin irinsu ba, don ba ta sani ba, kafin kiran salla an saka ko ba a saka ba, titi ya gani ko bai gani ba. Duk namijin da ya wuce ya kalle su sai Hajiya ta ƙara jan niƙabi ta ce, “Kin ga? Wannan ya gane ni.”

Can sai ga su sun fito masallaci tare, Abdulghani da Sa'ud, suna hira har da dariya. Sa'ud ya hango surukarsa dariyar ta ɗauke.

“Hajiya, lafiya? Me ya fito da ke?”

“Ina faifan?”

Ya zaro shi daga aljihun jallabiya, jan gidan da komai.

“An saka?”

“Wallahi ba a saka ba, ina zuwa ana kiran salla, ya ce in mun dawo.”

“Abdulghani, an saka?”

“Hajiya, ni ko taɓa shi ban yi ba.”

“Kai da ka ce min ja na manya ne,” in ji Khala, “rantsuwarka ka riƙe abarka. Buɗe.”

Ya ɗaga ƙofa, ta wuce shi kai tsaye ta ɗora tafin hannu a kan na'urar ja. Ta san halinta, in ta yi aiki ko na minti biyar ne sai ta yi zafi ta daɗe ba ta huce ba. Sanyi ƙalau, har da ƙura. Ta kamo hannun Hajiya ta ɗora. Hajiya ta taɓa sama, ta taɓa gefe, ta zagaya baya ta ga wayar wutar ma a cire take, sannan ta juya kan Sa'ud.

“Kai kuma, bikin mata ka ɗauko ka kawo kasuwa? Uwarka ma tana ciki, ya walad, yaro kawai!”

“Ai ke kika ce ba komai a ciki, Hajiya.”

“In na ce ba komai sai ka yarda?”

Daga nan suka biya gidan Khala Dela suka ɗauki na'urarta, aka kai gidan Hajiya, aka kori maza, aka rufe labule, aka saka. Ga Mansura ta fito tar, har ɗigon zufa a hancinta. Hajiya ta kalli awa ukun nan duka ba ta tashi ba, wai tana duba ko an yanke wani wuri an kai wani wajen. Da ya ƙare Khala ta tashi za ta cire na'urarta.

“Ina za ki da ita?”

“Gida, Hajiya. Tawa ce.”

“Faifan a nan, abin buɗe shi a wajenki? Duk ranar da na so ganin 'yata sai na roƙe ki? A'a. Nan za ta kwana.”

Khala ta ce ta tsaya ta yi tunani, na'ura dai sabuwa ce ko wata ba ta yi ba, amma in ta fita da ita gobe unguwa za ta ji wani labarin. Ta naɗe wayar wutar ta ajiye mata a kai ta fito hannu biyu.

Hajiya Sadiyya ba ta taɓa ce mata yi haƙuri ba, ko sau ɗaya. Sai bayan sati biyu ta aiko wai 'yar ƙanwarta za ta yi aure a Khumra, Dela za ta ɗauka, kuma a ja, kar ta kuskura ta kawo shuɗi, shuɗi kowane ɗan iska yana da abin buɗe shi a ɗakinsa. Mai so ta kalla ta zo gidanta ta kalla a gabanta. Amare shida Khala ta yi wa ja kafin kwalin ya ƙare, duk a falon Hajiya suka ga bikinsu, ita tana zaune da rimot a cinya.

Yanzu Khala ta bar ɗaukar kyamara saboda kafaɗa, 'yan mata biyu ke mata aiki. Hajiya ta tsufa sosai amma har yau in aka tambaye ta wa za a kira, sai ta ce, “Dela. Amma ku tsaya a kanta lokacin gogewa.”