Taku uku da baya a filin jirgi

Ni mai hoto ne a Gaya, kuma da direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, nake cin abinci. Duk wanda aka ba sabuwar mota, kafin ya haye gada zuwa Benin sai ya neme ni a bakin duwan, wato kwastan, ya ɗora ƙafa a kan taya, in ɗauke shi, ya kai wa tsohuwarsa ta rataya. Ɗakin da duk ka shiga a unguwarmu akwai ɗa da motarsa a bango, ban da ɗakin Inna.

Yayana ba direba ba ne. A filin jirgin sama yake aiki, can babban birni. Shi ne mai tsayawa gaban jirgi da sanduna biyu yana nuna masa inda zai tsaya. Shekara takan zagayo bai leƙo gida ba. Ɗan fari ne, Inna ba ta iya buɗa baki ta roƙe shi komai. Ni ta kira, ranar da likita ya ce hawan jinin ido ne, ɗan ganin da ya rage mata tafiya yake yi, kuma ba ya dawowa.

"Kai da kake ɗaukar ƴaƴan mutane, ba ka ɗauko mini nawa? In gan shi da motarsa tun idon nan yana nan."

Motarsa! Jirgi fa take nufi.

Wata biyu Yaya yana bin takarda kafin a ba ni izinin yini ɗaya. Ranar ya tsayar da ni bakin ƙofa, ya rataya mini baji, ya sa mini jile, ƴar riga mai ɗaukar ido, da abin toshe kunne, ya shiga yi mini karatu kamar ɗan lakwal, ɗan makarantar boko. Ban da filash, yana kashe wa matuƙi ido. Hula da murfin aparai, na'urar hoton, su shiga aljihu, don ko ƙusa injin ya zuƙa an yi ɓarna. In jar fitila tana walƙiya a jikin jirgi, injin na aiki ke nan. Ga jan layi a ƙasa, kada ƙafata ta taɓa shi.

"Kuma kada ka yi tafiya da baya alhali aparai na idonka."

"Haba Yaya, shekara nawa na yi cikin manyan motoci?"

"Mota tana da oda, malam. Wannan ba shi da ita."

Ya je ya tsaya gaban wani jirgi da ke ajiye, ƙirji a buɗe, sanduna a hannu. Wallahi ya yi kyau. Sai dai jirgin ya ƙi shiga hoton, wutsiyar na waje. Mu kuwa a bakin duwan, in kamiyo ya yi tsawo, ja da baya kake yi har ya shiga duka, in akwai abu a bayanka wani zai daka maka tsawa. Ƙafata ba ta yi shawara da ni ba. Taku uku na yi.

Ta cikin aparai na ga fuskar Yaya ta sauya. Ya watsar da sandunan, ya taho a guje, ya cafki wuyan jilen, muka zube tare. Sai a lokacin na ji hucin zafi da warin kananzir. Wani jirgi ne yake shigowa wurin da ke kusa, ni kuwa na tsallake layi, kunne a toshe. Yaya bai zage ni ba. Har yau na fi so a ce marina ya yi.

Jami'in tsaro ya karɓe bajin, ya tsaya a kaina na goge duk abin da na ɗauka. Ban ga laifinsa ba. Yaya ya sha takardar gargaɗi saboda ni. Na hau kar, wato bas, na dawo gida. Na gaya wa Inna wai aparai ne ya lalace. Ta ce ba komai, Allah ya kai mu wani jiƙon. Kunya ta kama ni.

Sai bayan wata goma wani abokin aikinsu mai izini ya ɗauki Yaya gaban jirgi, aka turo mini hoton ta waya. Na wanke shi babba, na sa a gilashi, na kai mata da hantsi. Tana zaune kan tabarma a gindin mangwaro. Lokacin nan ko mu da murya take gane mu.

Ta karɓa, ta shafa gilashin daga sama har ƙasa.

"Duka ya shiga?"

"Duka, Inna, har wutsiya."

"Shi yana ina?"

Na kama ɗan yatsanta na ɗora a kan ƙirjin Yaya. Ta bar shi nan, ta daɗe.

"Ya rame?"

Na ce a'a. Ta gyaɗa kai, ta ce in je, direbobi na jirana. Na kai ƙofar gida na waiwayo, yatsan yana inda na ajiye shi. Inna ta rasu da damina ta zagayo, kuma wannan zaman nata nake kewa fiye da komai.