Littafi na goma na Hayatu mai balangu

Hayatu mahauci ne, ɗan mahauta. A Garwa aka haife shi, a nan ya yi furfura. Shekara talatin ya yi yana gasa balangu a bakin kasuwa, ta wajen da ake gangarawa Binuwai. Yanzu ba ya fita. Idonsa ya tafi tun daminar 1975, yana zaune a zauren gidansa, kowa ya yi sallama sai ya gane shi da murya.

Karatun allo ya yi yana yaro. Boko kuwa sai da ya haura arba'in ya koya, a wurin maƙwabcinsa na kasuwa, Zacharie, wani mutumin kudu, tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, wanda ke shimfiɗa tsofaffin littattafai a kan tabarma yana sayarwa. Mutane na ce masa Misye, wato malam da Faransanci, Hayatu kuwa Mushe yake ce masa, yana ƙarawa da cewa shi kaɗai ne mushen da mahauci ya yarda ya zauna kusa da shi. Zacharie kan rama da kiransa Sarkin Fawa, sarautar da Hayatu bai taɓa kusantar ta ba.

Takardar ƙunshi ce ta haɗa su. Duk littafin da ya ƙi sayuwa, ko bangonsa ya fita, Zacharie kan jefa shi cikin wani buhu, in buhun ya cika ya miƙa wa Hayatu ya riƙa ƙunshe nama. Hayatu yana da ƙa'ida irin ta mutanensa. Sai ya zazzage buhun ya tsince duk takardar da ke da rubutun Larabci ya kai wa liman, don ba a sa wannan a maiƙo. Sauran kuwa boko ne, boko kuma a wurinsa na nama ne. Ta baya yake fara yagar littafi, domin in aka fara ta gaba ɗinkin yakan saki, takardu su watse cikin iska.

A wajen yagar ne ya fara tambaya, wannan baƙin me ya ce, wancan fa. Cikin shekara biyu ya iya haɗa kalma. An sha yi masa dariya wajen koyon, domin Zacharie da baƙaƙen Faransanci ya koya masa. Ran da aka fara ba shi littafin Hausa na Nijeriya, inda aka rubuta "ci" sai ya karanta "si", ya ce mutanen can ba su iya Hausa ba.

A ƙarshen 1973 ya fara ganin hazo a gefen ido. Ya je asibiti. Likita ya duba shi, ya gaya masa gaskiya: ciwon ya yi nisa, ba mai komawa ba ne, in an yi sa'a saura shekara guda da wani abu. Hayatu ya dawo kasuwa, ya hura wutarsa, da la'asar ya juya wurin Zacharie.

"Mushe, littafi goma nake so. Na labari. Kowanne a ce ban taɓa jin sunan mai shi ba."

"Sarkin Fawa, ai duk duniya ba marubucin da ka taɓa jin sunansa. Aikina ya yi sauƙi."

"To ka zaɓa. Amma da sharaɗi. Da idona zan karanta, kuma ba ka gaya mini ƙarshe. In ka gaya mini, wannan bai shiga lissafi ba."

Zacharie ya dube shi, ya bar dariyar. Ya ce ya ji.

Bai zaɓa da ka ba. Na farko ɗan siriri ne, mai manyan baƙaƙe, na wata mata daga bakin teku, cikin Faransanci mai sauƙi. Hayatu ya yi wata biyu a kansa, ya ce matar ta iya ƙarya. Daga nan Zacharie ya fi karkata ga na Hausa, waɗanda Lukmanu, wani ɗan kasuwar Mayo-Oulo, ke shigo da su daga tsallaken iyaka a ƙarƙashin atamfa. Akwai wanda Hayatu ya maido ya ce marubucin bai taɓa yanka ko kaza ba, don a labarinsa an kwantar da bijimin yanka ta dama. Akwai wanda ya hana shi juya nama har ya ƙone. Kowanne ya gama sai ya sa wuƙa ya yi tsaga ɗaya a jikin tebur. Zuwa farkon 1975 an yi tara, kuma a lokacin sai ya kai takarda dab da hanci, da tsakar rana, kafin baƙi ya tsaya masa.

Na goma Zacharie ya daɗe da ware shi. Littafin Hausa ne da ya zo hannunsa ba bango, ba shafin farko, don haka ba wanda ya san sunansa ko na mai shi. Labarin wata mata ne da mijinta ya tafi da kwalekwale bai dawo ba, tana zuwa bakin ruwa kowace ranar kasuwa. Zacharie ya karanta shi sau biyu, ya ce bai riƙe wanda ya fi shi ba, shi ya sa ya ajiye shi na ƙarshe.

Ran da ya tashi ɗauko shi bai gan shi ba. Ya birkice tabarmarsa, ya birkice ɗakinsa. Sai ya tuna ba shi da bango. Ya zo wurin Hayatu ya ce a zazzage buhun ƙunshi.

A ƙarƙashin tire suka same shi, tare da waɗanda ake kan yaga. Gabansa na nan lafiya. Bayansa Hayatu ya yage da hannunsa, wajen shafi talatin, sun tafi da balangu cikin mako biyu.

"Ni na jefa shi a buhu," in ji Zacharie.

"Ni na yaga," in ji Hayatu. "Na duba ban ga Larabci ba."

Ya karanta abin da ya rage cikin kwana ashirin. Takarda ta ƙare a daidai inda matar ta hango wani kwalekwale ya nufo gaɓa. Hayatu ya bi gidajen masu sayen namansa ɗaya ɗaya, yana tambaya ko an ajiye takardar ƙunshi. Wasu sun ɗauka ya zautu. An hura wuta da yawancinsu, akuya ta ci wasu. Wata Hajiya Karimatu ta samo masa guda uku a bayan murhu, amma mai ya ratsa su, rubutun gaba da na baya sun hau juna, mai lafiyar ido ma sai ya yi da gaske. Lukmanu ya tambaya a shagunan littattafai na tsallake. Aka ce ya faɗi sunan littafin ko na marubucin. Ya ce na matar nan mai jiran kwalekwale. Suka yi masa dariya.

Zacharie ya ce, "Bari in gaya maka kawai, Sarkin Fawa. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. Riƙe bakinka."

Sai Zacharie ya nemo takardar buhun siminti, ya yanka ta fallaye, ya zauna yana rubuta ƙarshen labarin yadda ya tuna shi, da tawada, kowane baƙi kamar babban yatsa. Hausarsa ta kasuwa ce, rubutunsa na Faransanci, amma ya ce in ido ne sharaɗi, ga abin da ido zai gani. Aikin ya ci masa mako biyar, domin yana rubutawa yana yagewa, yana cewa ba haka marubucin ya faɗa ba.

Wata Juma'a bayan an sauko ya kai masa gida, don a lokacin Hayatu ya daina zuwa kasuwa. Matarsa Balkisu ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi. Hayatu ya karɓi fallen farko, ya kai shi fuska, ya daɗe. Balkisu ta ce ita da ba ta iya karatu ba ta ga kan takardar yana ƙasa, ta ga Zacharie ma ya gani. Can Hayatu ya naɗe ta a hankali.

"Ka yi rubutu mai kyau, Mushe," ya ce. "Ina jin ƙanshin tawadar."

Shekara biyu bayan haka Zacharie ya naɗe tabarmarsa ya koma kudu wurin 'ya'yansa, ƙafa ta hana shi zaman kasuwa. Da ya zo sallama ya sake tambaya ko ya karanta masa kafin ya tafi. Hayatu ya ce a'a. Labarin rasuwarsa ya iso Garwa bara, ta bakin wani direba.

Fallayen suna nan, goma sha huɗu, cikin jakar fata ta Maruwa da ke rataye a zauren, wuri guda da allonsa na yarinta. Yakan bari baƙo ya riƙe su, amma in ya ji an fara motsa baki sai ya miƙa hannu ya karɓe. An tambaye shi littafi nawa za a rubuta ya karanta.

Ya ce, "A rubuta tara."