Mun Binne Baba Muka Wuce Gona

Shekara goma ke nan da rasuwar Baba, kuma har yau akwai dangin da ba su yafe mana yadda muka binne shi ba. Don su nake wannan rubutu, kuma ba haƙuri na zo bayarwa ba.

Mahaifina, Baba Yohanna, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan. Da ya yi ritaya sai ya koma gida Fadan Kagoma, ya kama noman citta, aka kuma naɗa shi dattijon ikilisiya. Taurin kai kam Allah ya ba shi, ba zan ɓoye ba. In ka shigo sujada a makare, zai bi ka da ido har ka sami wurin zama, ko da matar Fasto ce. Amma in ya je duba marar lafiya, sai ya share wuni a bakin gado, Mama na ta aike masa cewa tuwo ya huce. Na taɓa yi masa tsiya a kan haka. Ya ce mini lokaci ba namu ba ne, riƙo Ubangiji ya ba mu, kuma ranar da zai tambaye mu ba zai ce nawa muka adana ba, wa muka ba shi zai tambaya.

A farkon damina ciwo ya ci ƙarfinsa. Ruwa ya sauka, irin citta ya fara tsiro a ɗaka, kuma duk wanda ya san citta ya san ba ta jiran kowa. A wajenmu kuwa ya zama al'ada in babba ya rasu a kai shi mutuware ya yi watanni, a yi wa gida fenti, a ɗinka anko, a buga hotonsa a riga, a jira 'yan Abuja da Legas su sami hutu. Baba ya san haka, shi ya sa ya tara mu tun yana iya magana.

"Kada ku sa ni a firij kamar kifi," in ji shi. "Ni na gama nawa. Inda zan tafi ba a makara. Ku binne ni, ku je ku shuka wa mamanku gona."

Haka muka yi. Kafin mako ya fita an sa shi a ƙasa, zumuntar mata suka yi masa waƙa, washegari masu zaman makoki suka ɗauki fartanya. Ina binne iri ina kuka, domin na ƙaunaci mutumin nan ƙwarai, kuma a ranar na ji haushinsa da bai bar ni na zauna na yi baƙin cikina a tsanake ba. Cittar waccan shekara ce ta riƙe Mama, ta kuma kai autarmu ƙarshen karatu.

Ƙanen Baba, wato Baba Ishaya, ya iso daga Kaduna ya tarar an gama. A tsakar gida ya tsaya yana ɗaga murya: "Matar yaya, kun binne yayana kamar kaza! Mutane zai ce mu ba mu da komai!" Mama ta miƙa masa kunu.

Bana Baba Ishaya da yayana Bulus sun ce lokacin wanke wannan kunya ya yi. Za a yi babban taron tunawa, a yanka sa, a kafa kanofi, a lulluɓe kabari da tayil. Da me za a yi? Za a sayar da gonar bakin rafi, wadda har yau daga ita Mama ke ci. Har mai saye sun samo. Hujjarsu ita ce cutar da ta cinye citta a shekarun baya ta nuna gonar ta gama amfani. Ban ce ba sa ƙaunar Baba ba, amma wannan ihu ne bayan hari.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce in ya leƙo ya ga yadda muka koma. Mutum zai kwanta a asibiti wata guda, 'yan'uwansa su ce ba su da lokaci, sai dai gaisuwa ta waya. Ranar da ya cika kuwa, lokaci ya samu: a ɗauki hutun mako a zo a yi rawa a bayan akwati. Ban ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Mu da muke cewa matattunmu suna wurin Almasihu, me ya sa muke zuba musu kwanakin da masu rai ke bukata? Ranar tashin matattu Ubangiji ba zai nemi tayil kafin ya gane Yohanna ba.

In ana neman abin da ya rage na Baba, ba a kabari yake ba. Tun waccan damina, matasan ikilisiyarmu ba sa taɓa gonakinsu sai sun shuka na gwauraye, matan da mazansu suka rasu. Ba wanda ya kafa doka, gani suka yi suka ɗauka. Da yawa cikinsu ma ba su san daga ina abin ya samo asali ba, kuma na tabbata hakan ba zai dame shi ba.

Ni na yi ta faɗa da su Yaya Bulus a waya har murya ta dushe, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ashe Mama ta fi ni sanin hanya. Lahadin da ta wuce, da aka zo sanarwa, ta dogara sandarta ta fito gaban jama'a.

"Asabar da suka sa na rimembarans ɗin, ni ina gayya," in ji ta. "Na samu iri mai kyau. Wanda yana son tuna mijina, ya zo. Mai sayen gona kuma, shi ma ya zo, zai same mu a ciki."

Sai wata tsohuwa daga bayan majami'a ta rangaɗa guɗa.

Yaya Bulus, na san kana karanta jarida. Ka bar babbar rigar nan a Abuja, ka taho da takalmin roba.