Tela Ya Yi Ƙiba, Ƙwayoyin Ma Sun Yi

Shekara ashirin da uku ke nan da kakin mutane take neman abincinta. A asibiti Uwar Kaki ake ce mata, kuma tana amsawa ba kunya. Ɗakin gwajinta na can ƙarshen baranda, jikin banɗaki, inda manya ba sa leƙawa. Kullum da safe za a jere mata 'yan robobi a tebur, ta shafa kakin a gilashi, ta rina shi, ta kafa ido a madubin duba ƙwayoyin cuta tana farautar tarin fuka. Idonta na hagu har ya ɗan ƙanƙance saboda kannewa.

Ta san ƙwayoyin nan fiye da yadda ta san dangin mijinta. Tun da aka kawo wani rini mai nuna kitse ta raba su gida biyu. Akwai sirara masu rawar kai, kullum cikin ci da hayayyafa, waɗanda magani na shiga yake gamawa da su. Akwai kuma ragwaye da suka tara kitse a ciki, suka miƙe ƙafa suna sharar barci. Magani ya zo ya bi ta kansu, ko juyi ba sa yi. Su ke sa a sha magani wata shida cur, kuma likitoci na zargin kitsen nan ne guzurinsu in za su bar wani ƙirji su koma wani.

Mijinta tela ne, mutum mai son a yabe shi. Da tarin ya kama shi, ita ta gano da idonta. Wata biyu yana shan magani tari ya tsaya, ci ya buɗe, kumatu suka fito. Ya farke wandunansa ya ƙara musu faɗi. Abokan shago suka yi ta zuga shi: "Kai, ka murmure! Ina ka taɓa ganin mai ciwo da tumbi?" Shi kuwa gogan ya hau ya zauna, ya koma cusa maganin cikin buhun ƙyallaye. Ita da ke tsare baƙi da faɗa a kan magani, nata na gida ta yarda da shi. Abin da har yau yake ci mata rai ke nan.

Tarin ya dawo daidai lokacin da 'yarsu, wadda ke aure a nesa, take shirin kawo musu jikarsu ta fari, 'yar wata uku. Tela bai taɓa ganinta ba sai a hoton waya, ya kuma cika shago da labarinta. Uwar Kaki ta dire masa roba a kan keken ɗinki.

"Tofa."

"Haba uwar yara, ni fa na warke. Dubi wuyana."

"Na gani, baban yara. Tofa."

Da ta leƙa madubi sai ga su nan birjik, shar da su, kowace da ɗigon kitsenta. Ta rufe ƙofa ta yi kuka, rabi haushi rabi tsoro, don ta san abin da tarin nan ke yi wa ƙirjin jariri. Ta share ido ta kira 'yar.

"Kada ki zo."

"Mama, me na yi?"

"Ba ke ba ce. Babanki ne ya yi ƙiba."

Tela ya yi fushi, ya yi roƙo, har ya ce ko ta taga a nuna masa ita. Ta ce sai gilashi ya fito fes sau biyu. Aka koma magani daga farko, tana tsaye a kansa, ya haɗiye ya buɗe baki ta duba ƙarƙashin harshe.

Wata huɗu aka ɗauka. Ranar da 'yar da jikar suka iso, tela ya yi wanka sau biyu, ya tsaya a bakin ƙofa tun hantsi. Ya miƙa hannu yana kiran jikar da sunayen da ya daɗe yana tanada mata. Yarinya ta riga ta fara ƙiwa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta tsala ihu, ta ƙanƙame wuyan uwarta.

Uwar Kaki ta buɗe baki za ta yi masa tsiya, sai ta ga hannayensa har yanzu a miƙe. Ta je ta ɗauko masa kujera.